Gaisuwar Kyaftin Daga Gaban Tanki

Ban taɓa raina wani aiki kamar yadda na raina fim ɗin da abokin ɗakina yake yi a Riyad ba, sai ranar da Allah ya haɗa mu da mutumin da ya zo ɗaukar fim a kan fim ɗin. A nan na gane ashe raini ma hawa-hawa ne.

Shekarun nan ne na bayan yaƙin Kuwait. Muna zaune a unguwar Jaradiya, a wani ɗaki na saman tsohon gida, ni da wani Bazamfare sa'ana. Ni malamin firamare ne a gida, amma a Riyad rasit nake rubutawa a shagon kayan gyaran mota, ran Alhamis kuma in je unguwar Murabba in koya wa 'ya'yan wani babban ma'aikaci Hausa, don bakinsu ya fi karkata ga Larabci. Shi kuwa Bazamfaren shi ke riƙe da makullan wani katafaren sito a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake jibge fararen tankunan ruwa irin waɗanda ake ɗorawa a kan rufin gidaje. Kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, take hannunsa, dattijo ne mai tsauri. Ko 'ya'yan cikinsa bai yarda su riƙe makullin ba, amma ya yarda da wannan baƙon. Har ya yi masa alkawarin baɗi zai taimaka masa ya kawo mahaifiyarsa aikin Hajji. Duk wanda ya san abokina ya san wannan magana, domin ba ya shan shayi ya ajiye kofi bai ambace ta ba.

Mutum ne mai hankali a komai, ban da abu ɗaya. Tun yana yaro a Gusau ya riƙa leƙen wani tsohon shirin Turawa na 'yan sama jannati ta tagar gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ni ma na gan shi a ƙuruciya, na kuma bar shi a can tare da wasan langa. Shi bai bar shi ba. Wata rana ya dawo daga kasuwar Batha da kasusuwan bidiyo cike da leda yana haki, wai ya same shi, shi ne dai, ba a canza komai ba. Daga ranar na shiga uku. Mutane ne cikin matsattsun riguna suna yawo a jirgi tsakanin taurari, duk garin da suka sauka sai sun tarar da dodon roba. Ba ya jin rabin Turancin da suke yi, amma yana iya faɗa maka abin da shugaban jirgin zai ce tun kafin ya buɗe baki.

Da abin ya tsaya ga kallo, da sauƙi. Sai ya gamu da wani Bafilifine mai aikin lantarki a masana'antar da ke maƙwabtaka da su, wanda shi ma ciwon nan ya kama tun a ƙasarsu, ga shi kuma da 'yar kyamarar bidiyo. Mahaukaci ya sami abokin hira. Suka yanke shawarar su ma za su yi nasu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, unguwar masana'antu takan zama kufai, ko kare ba ka gani. Lokacin ne abokina yake buɗe ƙaramar ƙofar sito ya shigo da jama'arsa. Akwai Indiyawa biyu masu walda, da wani dogon Basudane, da 'yan uwanmu Hausawa da zaman ɗaki ya gundura. Jirgin nasu wani tanki ne da ya tsage aka jefar a bayan sito. Suka kwantar da shi, suka yanka masa taga, suka manna masa takardar azurfar da ake naɗe gasasshiyar kaza. Bindigarsu ta feshin fenti ce. Abin rufe fuskar nan na gas da aka yi ta rububinsa lokacin yaƙi, da aka gama tsoro kowa ya wurgar a ƙarƙashin gado, shi suka tattaro ya zama hular sama jannati. Kowa a fim ɗin da shi yake fitowa, na kirki da dodo, bambancin dai dodo an ɗaura masa tsumman goge ƙasa a ka.

Abokina ne kyaftin. Da yake babu harshen da ya haɗa su sai Larabcin leburori, da shi ake yaƙin taurarin. Sai ka ji Basudane ya rugo yana ihu ta cikin roba, "Kabtin, fi mushkila kabir!" wai akwai babbar matsala. Kyaftin kuma ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Mafi mushkila, sadik," wai babu matsala, aboki. Shi ke nan an ceci duniya.

Kada a ce ina ba da labarin abin da ban gani ba. Ina zuwa. Siton yana da sanyi, ɗakinmu kuwa tanda ne, kuma Indiyawan nan sun iya dafa shinkafa. Da suka ga ina ci ba na aiki sai suka ba ni igiya, ni ne mai jan ƙofar jirgi don a ga kamar da kanta take buɗewa. Malami guda, mai takardar shaida, ina tsugune a bayan kwali ina jiran wani ƙato ya ce "yalla" in ja. Ban taɓa barin su su manta da abin da nake gani game da aikin ba. Nakan ce musu ko tashe ya fi wannan tsari.

Abin da ya fi damuna ba shirmen ba ne. Na sha gaya wa abokina, "Kai, mutumina, ranar da tsohon nan ya ji kana shigo da garada cikin dukiyarsa, sai dai ka ƙarasa fim ɗin nan a Gusau."

"Malam ke nan," in ji shi. "Wa zai gane ni? Ko Inna aka nuna wa ba za ta ce ɗanta ne a cikin robar nan ba."

Gaskiyarsa ce kuwa. Babu fuskar kowa a fim ɗin, kuma Bafilifinen yana da wayo, bai taɓa juya kyamararsa wajen allon da ke ɗauke da sunan kamfani ba. In sun tashi sukan share wurin tas, su mayar da tankin bayan sito su lulluɓe shi da tamfol. Aka daɗe ana haka ba wanda ya ji.

Sai ga mai kyamara. Ƙanin maigidan nan ne da nake koya wa 'ya'yansa Hausa, ya zo Riyad ya zauna a gidan wansa, ba aiki ba sana'a. A bakin wani direba ya ji labarin, ranar wata Juma'a kawai muka gan shi ya sauko daga mota da ƙatuwar kyamara a kafaɗa. Yana sanye da 'yar shara mai aljihu ya fi goma, babu komai a cikinsu, na lura. Ya taɓa yin wani kwas na wata uku a Landan, kuma yana ambatonsa fiye da yadda mai salla yake ambaton Fatiha. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, to wannan nasa har ya shaƙe shi.

Ya tsaya a tsakiyar sito ya juya, ya buɗe hannuwa. "Jama'a, tarihi kuke kafawa ba ku sani ba! Ni dokumentiri zan yi a kanku. Duniya ce za ta gan ku."

Abokina ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Malam, mene ne kuma dokumentiri?"

Na ce masa fim ne da ake yi a kan masu aiki, wanda ba ya aikin ne yake yin sa.

Ban hana shi murna ba. Mutumin da tun farkon abin nan ba wanda ya taɓa ce masa sannu, daga ni mai zagi sai bangon sito, yau ga ɗan manyan gida ya ce tarihi yake kafawa. Nan take ya koma "ranka ya daɗe", ya share masa kujera, ya aika a sayo masa lemo mai sanyi.

Juma'a uku ko huɗu mai kyamara yana zuwa, kuma ko sau ɗaya bai ce a nuna masa fim ɗin da ya zo yin magana a kai ba. Bafilifinen ya yi masa tayi, ya ce ba ya son ya gurɓata tunaninsa. Abin da yake so shi ne a sake cin shinkafa a gaban kyamara da hannu, a hankali, a kuma daina dariya. Ya sa Basudane ya zauna a kan bokiti ya yi tagumi yana kallon rufi, wai yana tuna gida, alhali mutumin nan ƙoshi ne ya kama shi. Ni ma ya zo kaina da igiyata, na ce masa in ya kuskura ya haska ni sai na nuna masa abin da ba a koya masa a Landan ba. Su masu fim ɗin shirme suke yi, amma shirmen nasu ne, da guminsu. Shi kuwa kaska ce ta sami saniya.

Ranar ƙarshe ya ce zai yi hira da kowa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban tankin. Abokina ya zo da robarsa a fuska kamar kullum.

"A'a, a'a, cire wannan abin," in ji mai kyamara. "Mutum nake son gani."

Ya cire. Tambaya ɗaya ce ake yi wa kowa: me ya ja hankalinka ga wannan fim? Bafilifinen ya amsa a taƙaice ya tashi. Indiyawan suka amsa suka tashi. To amma wa ya taɓa miƙa wa Bahaushe abin magana ya tsaya amsa tambaya? Mu da muka tashi da shirin gaishe-gaishe a rediyo, mun san abin da ake yi da makirfo. Abokina ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya yi sallama cikakkiya, ya fara.

Ya gaida mahaifiyarsa, ya ce ta ƙara haƙuri baɗi tana nan tafe. Ya gaida matarsa ba tare da ya kama sunanta ba, da yara, da kawunsa mai shayi a bakin tasha. Ya gaida limamin unguwarsu da wanzamin da ya yi masa kaciya. Ya gaida ma'aikacin jirgin ƙasan nan mai taga, in yana raye, in ya rasu Allah ya jiƙansa. Mai kyamara yana ta kaɗa kai yana lumshe ido kamar mai shan romo. Sannan abokina ya juya harshe zuwa Larabci, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce gaisuwa ta musamman ga ubangidansa, kafilinsa, Allah ya ja kwanansa. Ya kawo sunan dattijon nan da na ubansa da na kakansa, ya kawo sunan kamfani, har da lambar titi. Ya ce shi ne ya ba su wannan wuri suke yin wannan aiki, Allah ya ƙara masa arziki.

Igiyar ta suɓuce daga hannuna. Yana gamawa na ja shi bayan tanki.

"Ya ba ku wuri? Yaushe aka yi haka ban sani ba?"

"Haba Malam," in ji shi, yana mamakina. "Ka tsaya a cikin gidan mutum, ka gaida duniya kaf, ka tsallake mai gidan? Ai sai a ce ba ni da tarbiyya."

Ni ma da ni aka miƙa wa makirfon, ban san inda bakina zai tsaya ba. Muka koma wurin mai kyamara tare. Na yi masa bayani dalla-dalla: dattijon bai san da zancen ba, kuma iƙamar bawan Allah nan a hannunsa take. A cire wannan wurin. Yana naɗe waya yana amsa mini ba tare da ya dube ni ba. "Kada ka damu, malam, wannan aikin editin ne. Ka bar wa masu abin."

Bayan 'yan makonni, wata Alhamis da la'asar, na gama karatu da yara a Murabba zan fita, sai na ga an cika falo da baƙi, an jera kujeru gaban talabijin. Ashe ranar ce za a buɗe dokumentiri. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga cikin masu fim ɗin ba. Ni ma don an gan ni a bakin ƙofa ne aka ce in zauna, na samu gefen kafet na raɓa.

Abin da na gani ya wuce duk rainin da na tanada. Rabin kaset ɗin shi ne da kansa, yana tafiya a kan yashi da 'yar shararsa, yana kallon nesa, yana zuba Turanci a kan ɗan Adam da mafarki. Fim ɗin da aka ce a kansa ake magana bai samu ko minti biyu ba. Aka nuno Basudane yana tagumi, aka sa wani kiɗa mai ban tausayi. Aka nuno allon kamfani ƙarara, an ma tsaya a kansa. Sannan ga abokina ya cika talabijin, gumi na zuba, shatin roba ya zagaye masa fuska, yana murmushi irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Gaisuwar tana nan yadda take, daga Inna har lambar titi. Falon ya kece da dariya tun daga wanzami. Wata hajiya har da share hawaye. Ni da na shekara ina yi masa dariya, ranar na ji kamar ni ake tuɓewa a kasuwa.

Da aka kunna fitila aka yi tafi, na tashi na same shi. Na ce ai mun yi da kai za a cire.

"In cire? Ai nan ne zuciyar aikin gaba ɗaya!" Ya dafa kafaɗata, abin da na tsana. "Kuma kai ba ka san mutanen nan ba, suna son yabo. Tun shekaranjiya na aika wa Balaraben nasa kwafin da direba. An gaishe shi, ai dole ya ji. Talla ce kyauta na yi masa. Ka ga, ba mamaki ya ɗauki nauyin kashi na biyu."

Ban yi wa kowa sallama ba na fita. Da na isa Jaradiya na tarar da abokina zaune a bakin katifa da kayan aiki a jikinsa, ko takalmi bai cire ba. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Dattijon ya kira shi ofis da hantsi. Bai yi tsawa ba, bai zage shi ba. Ya miƙa hannu kawai, abokina ya zuba masa makullai. Sannan ya ce da shigo da mutane ne kaɗai, da sai ya yi faɗa ya haƙura, tunda ko ƙusa ba ta ɓata ba. Amma a tsaya gaban duniya a kira sunansa da na ubansa, a ce shi ya ba da wuri a yi wasan dodanni, alhali bai bayar ba, wannan ƙarya ce aka yi masa, kuma ba ya ajiye makulli a hannun wanda ya yi masa ƙarya. Abokina ya ce masa, "Tal umrak, ranka ya daɗe, gaisuwa ce." Dattijon ya ce shi bai san irin wannan gaisuwa ba. Za a buga masa hatimin fita ba dawowa a fasfo.

Washegari na ce mu je Murabba, ko wan mai kyamara zai sa baki. Wan ya yi tafiya. Ƙanin ya fito mana da jallabiya yana hamma, ya saurara, ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma aikin fasaha dama yakan zo da sadaukarwa. Na dubi bakin da ya faɗi haka, na yi ta istigfari a zuci don kada in kai hannu. Abokina bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai, haka Allah ya rubuta. Alfarma ɗaya nake nema. A ba ni kwafi ɗaya in tafi da shi, ko yara sa gani. Ni ban ma gani ba tukuna."

Mai kyamara ya tsotsi haƙori. Ya ce ai kwafi biyu ne kawai, ɗaya yana wurin Balaraben, ɗayan kuma na asali ne, zai aika da shi wata gasa a Turai, kuma dokar gasa ta hana a yaɗa aiki kafin a yanke hukunci. In an gama zai aiko masa har Gusau. Bai tambayi unguwa ba, bai tambayi wa za a ba ba. Ban taɓa jin an yi gasar ba, har ya bar Riyad ya koma sayar da fili a gida.

Fim ɗin tanki bai ƙaru da ko ɗigo ba daga nan. Bafilifinen ya tsorata, ya goge kasusuwansa duka ya ɗauki bikin wani ɗan garinsu a kai. Ban ga laifinsa ba, shi ma da kafili a kansa.

Ni na raka abokina filin jirgi da safe. Kayansa ba yawa: jaka ɗaya, da jarkar zamzam, da darduma da ya saya wa Inna tun bara don ta zo ta yi salla a kai a Mina. A mota ya ce bai san yadda zai fara gaya mata ba, ta riga ta sanar da duk dangi, har an fara kiranta Hajiya. Na ce Allah zai kawo wata hanya. Ya ce amin. Mu duka mun san irinmu in an buga masa wannan hatimi, shi ke nan.

Mun kai inda ba a barin mai rakiya ya wuce, muka yi musabaha, muka yafi juna. Ya ɗauki jaka ya yi taku kaɗan, sai ya dawo, yana sosa ƙeya kamar mai jin kunyar roƙo.

"Malam, kai da ka gani. Tsakaninka da Allah, fuskata ta fito sosai?"

Na ce, "Ta fito. Duk wanda ya san ka zai gane ka."

Ya yi murmushi. "To, alhamdu lillahi," in ji shi, ya juya ya shiga layi.